SHANYEWAR ƁARIN JIKI: Abin da Ake Koya wa Ma'aikatan Jinya Game da Kwantar da Majiyyaci da Tayar da Shi

Mutane da yawa a ƙasan nan suna tsammani idan ɓarin jikin mutum ya shanye, iyakar abin da za a yi masa shi ne a kai shi asibiti, a yi masa allura, a lulluɓe shi a bar shi ya huta har Allah ya kawo sauƙi. Allura da magani suna da nasu aiki, ba mai musun wannan. Amma majiyyata biyu suna iya zuwa asibiti rana ɗaya da ciwo iri ɗaya, a ba su magani iri ɗaya, bayan wata uku a ga ɗaya yana dogara sanda zuwa kasuwa, ɗaya kuwa yana kwance da gyambo a ƙugu, hannunsa ya ƙage a ƙirji. Sau da yawa abin da ya raba su abubuwa ne da ake rainawa: yadda aka kwantar da kowannensu, da sau nawa aka juya shi, da ranar da aka fara zaunar da shi. Waɗannan kuwa duk a hannun ma'aikatan jinya suke, watau nas-nas, maza da mata.

An rubuta wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a abin da ake koya wa ma'aikatan jinya game da wannan aiki, da dalilin koyar da shi, don wanda ya je zaman jinyar ɗan'uwansa ya gane abin da ake yi, ya taimaka, kada ya hana. Za mu ɗauki misalinmu daga unguwar Dala ta Maiduguri. A lura, ba Dalar Kano ake nufi ba, mai dutse da asibitin ƙashi. Wannan Dala tana gefen Yerwa, maƙwabtaka da Bulumkutu. Abin da za a faɗa a kanta kuwa ya shafi kowace unguwa da kowane ƙauye a Nijeriya.

Asalin ciwon

Ko da yake hannu da ƙafa ne ake gani sun mutu, ainihin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Hanyoyi biyu yake bi. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala. Kowanne ya faru, wurin da bai sami jini ba sai ya fara mutuwa cikin 'yan mintoci. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki, na dama kuma yana sarrafa hagu. Sabo da haka wanda damansa ya shanye sau da yawa magana takan ɗauke masa, domin ga yawancin mutane cibiyar magana a hagun ƙwaƙwalwa take. Wanda hagunsa ya shanye kuwa yakan manta yana da hagu, har ya ci rabin tuwon da ke kwano ya bar rabin, ba don ya ƙoshi ba.

A 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. An duba majiyyata 2,118. An tarar kusan kashi 32 cikin 100 fashewar jijiya ce ta kwantar da su, sauran toshewa, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba su cika shekara 50 ba. Babban abin da binciken ya nuna shi ne, wajen 9 cikin 10 na wannan ciwo ana danganta shi da hawan jini. To, ke nan ba shafar aljani ba ce, ba kuwa jifa ba. Wanda aka ga bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko harshe ya karye, a garzaya da shi asibiti nan take. Kada a tsaya tsaga ko ƙaho, kada kuma a ɗura masa kome a baki.

Me ya sa sai nas?

A ɗauka wani dattijo ne a Dala ya faɗi da asuba wajen alwala. 'Ya'yansa za su sa shi a Keke Napep su nufi Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko kuwa su ratsa gari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wanda aka buɗe a 1983. Duk inda suka je, tsarin ɗaya ne. Likita zai zo zagaye ya duba shi na 'yan mintoci. Likitan gashi, watau masanin motsa gaɓoɓi, zai zo ya yi masa aiki na rabin awa ko awa ɗaya, in ranar aiki ce. Sauran awa 23 fa? Suna hannun nas da ke kan aiki, da ɗa ko 'ya ko matar da ta shimfiɗa tabarma a gindin gado. Idan likitan gashi ya miƙe hannun majiyyaci da hantsi, aka bar hannun ya kwana a lanƙwashe ƙarƙashin jikinsa, aikin hantsi ya tashi a banza.

Ba zato ake yi ba a kan wannan magana. A ƙasar Ostireliya, wata malamar jinya, Farfesa Sandy Middleton, ta gwada abin a ɗakunan jinyar wannan ciwo guda 19, aka buga sakamakon a 2011. A wasu ɗakunan an horar da nas-nas su riƙa bin ƙa'ida a kan abu uku kawai: zazzaɓi, da yawan sukari a jini, da gwada haɗiya kafin a ba da abinci. A sauran ɗakunan aka ci gaba yadda aka saba. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka zama masu dogara da taimakon wasu sun kai kashi 58 cikin 100 a ɗakunan da ba a yi horon ba, amma kashi 42 ne a ɗakunan da aka yi. Ba sabon magani aka kawo ba, ba sabuwar na'ura. Wannan ya kamata ya faranta wa ƙasa irin tamu rai, domin na'ura tana da tsada, horo kuwa muna iyawa.

Ɓarnar doguwar kwanciya

Tun a 1947 wani likita a Ingila, Richard Asher, ya rubuta gargaɗi ga 'yan'uwansa likitoci a kan haɗarin barin maras lafiya a gado ba dalili. Abin da ya faɗa har yau yana nan, kuma ya fi tsanani ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, domin shi ba ya iya muskutawa da kansa.

Lafiyayyen mutum yana juyi sau da yawa cikin barci bai sani ba. Majiyyacinmu kuwa inda aka ajiye shi nan zai wayi gari. Nauyin jiki sai ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina ratsa wurin, fatar ta mutu. Haka gyambon kwanciya ke farawa, a ƙugu, da ƙasan gadon baya, da diddige, da idon sawu, da allon kafaɗa, har da ƙeya. Cikin 'yan awoyi yake somawa, amma warkewarsa sai a yi watanni. A Maiduguri, inda zafin bazara yakan wuce awo 40, gumi da fitsari a kan ledar gado suna ƙara gaggauta shi. Akwai kuma wani abin lura da ya shafe mu musamman: littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce a nemi wurin da fata ta yi ja, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Sabo da haka ake koya wa nas ta duba da hannu, ba da ido kaɗai ba, ta nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko zafi, ko tauri.

Bayan gyambo akwai huhu. Mai kwance a rigingine majina takan taru masa a ƙirji, yawu da abinci su ɓace hanya su faɗa huhu, sai ciwon namoniya ya shiga, kuma shi ne ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan majiyyata a makonnin farko. Akwai jinin da ke daskarewa a jijiyar ƙafar da ba ta motsi, wanda in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashewa nan take. Sa'an nan ga ƙagewar gaɓoɓi. A kwanakin farko ɓarin da ya shanye yana da laushi kamar tsumma. Daga baya sai ya fara tauri, hannu ya naɗe zuwa ƙirji, yatsu su dunƙule, ƙafa ta miƙe tafinta ya sunkuya ƙasa. In aka bar gaɓa a haka har ta sandare, ko ƙarfi ya dawo ba za ta yi amfani ba.

Kwanciya iri uku da zama ɗaya

Nan ne zuciyar horon take. A ƙa'ida ana juya majiyyacin da ba ya iya juyi da kansa kowace awa 2, dare da rana, sai in yana kan katifa ta musamman kuma an ga fatarsa tana jurewa. Kowane juyi kuma yana da yadda ake yinsa.

Kwanciya ta farko ita ce a kan ɓarin da ya shanye. 'Yan'uwa sukan firgita da ita, su ce za a danne masa ciwo. Alhali tana da amfani ƙwarai, domin nauyin jiki a kan wannan ɓarin yana tuna wa ƙwaƙwalwa da shi, ga shi kuma lafiyayyen hannun yana sama, majiyyaci ya iya jan mayafi ko ya kori ƙuda. Sharaɗinta ɗaya ne: kada ya kwanta a kan tsinin kafaɗa. Nas za ta zura tafin hannunta ƙarƙashin allon kafaɗar, ta zamo da ita gaba a hankali, ta miƙe hannun a kan katifa tafinsa yana kallon sama. Ƙafar da ta shanye a miƙe take da ɗan lanƙwasa kaɗan a gwiwa, lafiyayyar kuwa a ɗora ta gaba a kan matashi. A tokare bayansa da wani matashin.

Ta biyu ita ce a kan lafiyayyen ɓari. A nan hannun da ya shanye ne ke sama, sai a miƙa shi gaba a ɗora a kan matashi tun daga kafaɗa har yatsu, kada wuyan hannu ya yi reto. Ƙafar ma a lanƙwasa ta a ɗora a kan matashi mai tsawo, har da tafin ƙafar, domin in aka bar shi yana lilo a bakin matashin zai karkace ciki.

Ta uku ita ce rigingine, kuma ita ce ake so a taƙaita, don ita ta fi kawo gyambo da sarƙewa. In za a yi ta, a sa matashi ƙarƙashin kai da kafaɗar da ta shanye, hannun a kan wani matashi ɗan nesa da jiki, yatsu a buɗe. A naɗe tawul a cusa gefen ƙugu don kada ƙafar ta kife waje, a kuma ɗage diddige kada ya taɓa katifa. Mayafi kada a ɗame shi a kan yatsun ƙafa.

An daɗe ana gardama ko a shimfiɗe kan majiyyaci daidai da jiki a yinin farko don jini ya isa ƙwaƙwalwa, ko kuwa a ɗaga. A 2017 aka buga wani bincike mai suna HeadPoST, wanda ya haɗa majiyyata fiye da 11,000 a asibitoci 114 na ƙasashe 9, aka ga bayan kwana 90 ba bambanci tsakanin hanyoyin biyu. Sabo da haka abin ya koma ga halin kowane majiyyaci da shawarar likitansa. Mai amai, da mai wahalar numfashi ko haɗiya, da wanda ake ciyarwa ta robar hanci, ana ɗaga musu kai.

Game da zama kuwa, jingina a gado da tarin matasai ba zama ba ne, domin majiyyaci zai riƙa zamewa ƙasa fatar bayansa tana gurzuwa. Zama na gaskiya a kujera mai makari ake yinsa, ɗuwawu ya shige can ciki, tafin ƙafa biyu a dafe da ƙasa, hannun da ya shanye a kan tebur ko matashi.

Mai karatu zai ce, ina za a sami matasai huɗu ko biyar ga gado guda? Tambaya ce mai kyau. Horon da ya dogara ga kayan da babu su a ɗaki horo ne na takarda. Zane da aka ninke, da bargo da aka naɗe, da ɗan buhu da aka cika da auduga ko rimi, duk suna yin aikin, muddin suna da tsabta kuma ba su da ƙulli. Wani abin kuma da ya kamata malamin horo ya sani shi ne, dattawanmu da yawa sun saba kwanciya a kan dama, kuma 'yan'uwa sukan mayar da su dama da zarar nas ta ba da baya. Sai a zaunar da su a yi musu bayani cikin ladabi cewa lalura ce, juyin nan magani ne.

Kada a ja hannun

In da za a ce a zaɓi darasi ɗaya a rubuta da manyan baƙaƙe a bangon kowane ɗakin jinya, wannan za mu zaɓa. Kafaɗar ɗan Adam ramin ƙashinta ba shi da zurfi, tsoka ce ke riƙe da ita. Idan tsokar ta saki, nauyin hannun kaɗai ya isa ya zamo da kan ƙashin daga mazauninsa, har a iya sa yatsa a gurbin. To, ina ga an kama hannun an ja don a tayar da mutum, ko an saƙalo shi ta hammata an ɗaga? Haka muka saba tayar da maras lafiya, kuma da kyakkyawar niyya ake yi, amma ciwon kafaɗar da ke biyo baya yana hana barci, ya hana motsa hannun, ya sa majiyyaci ya ƙi likitan gashi. Ana koya wa nas ta riƙe mutum ta allon kafaɗa da ƙugu, ko a yi amfani da zanen gado mutum biyu su matsar da shi. Wajen sa riga, hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen cirewa kuwa shi ne na ƙarshe. Ƙarin ruwa ma an fi so a sa a lafiyayyen hannu in da hali.

Kafin kunu ya shiga baki

Zama da haɗiya tare suke tafiya. Majiyyata da yawa maƙogwaronsu ma yakan raunana, kuma wani ruwa zai faɗa masa huhu ko tari bai yi ba. Don haka ba a ba da ruwa, ko kunu, ko ƙwayar magani sai nas ta gwada haɗiyarsa. Za ta zaunar da shi sosai, ta tabbata a farke yake, ta ba shi ruwa a ƙaramin cokali, ta saurara. In ya yi tari, ko muryarsa ta jiƙe, ko ruwan ya dalalo, sai a dakata a gaya wa likita. Wanda ya iya haɗiya, a zaune zai ci, a hankali, ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ya gama. A duba kumatun ɓarin da ya shanye, domin abinci yakan maƙale a nan, a kuma wanke masa baki safe da yamma.

Yaushe za a tayar da shi?

Nan ne ilmi ya canja a 'yan shekarun nan, kuma nan ne aka fi bukatar sabunta horon waɗanda suka daɗe da barin makaranta. A dā ana barin majiyyaci a gado mako ɗaya ko biyu. Da aka gane illar haka sai ra'ayi ya koma ɗaya gefen, aka ce a tayar da shi tun ranar farko, a yi ta motsa shi, wai iya saurin farawa iya saurin warkewa. Farfesa Julie Bernhardt ta birnin Melbon ta ɗauki shekaru tana gwada wannan magana a bincikenta mai suna AVERT, a kan majiyyata 2,104 a ɗakunan jinya 56 na ƙasashe 5. Da sakamako ya fito a 2015 sai ya ba masu binciken kansu mamaki. Waɗanda aka tayar da wuri ƙwarai aka kuma yawaita musu aiki, kashi 46 cikin 100 ne suka sami kyakkyawan sauƙi bayan wata 3. Waɗanda aka bi da su yadda aka saba kuwa, kashi 50.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe kwanciya ta fi. Waɗanda aka bi da su yadda aka saba ɗin ma, yawancinsu an sauko da su daga gado cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya cutar shi ne gaggawa haɗe da yawan aiki a lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta natsa ba. Da aka sake nazarin alƙaluman sai aka ga motsi gajere sau da yawa a yini ya fi amfani bisa ga dogon motsi lokaci guda. A kan haka ƙa'idojin jinya na yau suka tsaya: kada a matsa wa majiyyaci da aiki mai yawa a awa 24 na farko, amma in jikinsa ya daidaita a fara zaunar da shi tsakanin awa 24 da 48, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko jijiya ce ta fashe masa, likita ne zai faɗi ranar farawa.

Kafin kowane tashi nas za ta auna jini, da bugun zuciya, da numfashi, da zafin jiki, ta kuma duba ko yana gane magana. Za a fara da juyi a gado, sai zama a bakin gado ƙafafu a ƙasa na 'yan mintoci, mutum ɗaya a gaba ɗaya a gefen da ya shanye. In wannan ya zauna sai komawa kujera, sa'an nan tsayuwa, nas tana tokare gwiwarsa da tata don kada ta lanƙwashe, daga nan sai taku. In ya ce jiri, ko gumi ya keto masa, ko kai ya sara, ko magana ta ƙara lalacewa, a mayar da shi gado a kira likita. Wanda bai isa tashi ba tukuna ba a ƙyale shi: ana lanƙwasa masa kowace gaɓa a miƙe a hankali sau da yawa a yini, amma ba a ɗaga hannun ya wuce daidai kafaɗa sai wanda aka koya wa. Ana kuma koya masa ya sarƙe yatsun hannu biyu, lafiyayyen ya riƙa ɗaga ɗan'uwansa.

Yadda horon ya kamata ya kasance

Maiduguri ba ta rasa wuraren koyo ba. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Borno, da makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa, ga kuma sashen koyar da gashi da motsa gaɓoɓi a Jami'ar Maiduguri. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke tsara manhaja, kuma tana neman kowane nas ya ƙaro ilmi kafin a sabunta masa lasin. Sai dai a ganinmu wannan darasi ba na zauren lacca ba ne. Gani ya kori ji. A bakin gado ake koyonsa, likitan gashi da nas tare, kuma ya kyautu kowane ɗalibi ya hau gadon da kansa, ya saki ɓari guda, abokansa su juya shi. Wanda aka taɓa fizgar hannunsa sau ɗaya ba zai fizgi na wani ba.

Tilas horon ya kai ga masu aikin dare, domin da dare ne juyi ke tsayawa. Takarda a gindin gado mai nuna awa da ɓarin da aka kwantar, wadda ake sa wa hannu a kowane juyi a kuma karanta wajen miƙa aiki, ta fi dogon wa'azi amfani. Hoton kwanciyar nan uku a manne a bango yana yi wa mai jin Kanuri da mai jin Hausa da mai jin Larabcin Shuwa magana ɗaya. Dole kuma a koya wa nas yadda za ta kiyaye nata bayan, ta durƙusa da gwiwa maimakon ta sunkuya, ta nemi taimako ga majiyyaci mai nauyi.

Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce ma'aikata ba su isa ba. Nas ɗaya ko biyu a ɗaki mai gado 20 ko 30 ba za su iya juya kowa kowace awa 2 su kaɗai ba. Sabo da haka rabin horon nas shi ne ta iya horar da mai zaman jinya: ta nuna masa, ya yi a gabanta, ta gyara. A zaɓi wanda zai daɗe da majiyyacin, a kuma kula da kunya, namiji ga namiji, mace ga mace inda ya yiwu. Masu zuwa dubiya ma suna da aiki. A ce musu su zauna ta ɓarin da ya shanye su yi gaisuwa daga nan, don majiyyaci ya riƙa juyo da kansa wajen da yake mantawa.

Bayan sallama

Ranar da dattijonmu zai koma Dala, gadon ƙarfe mai ɗagawa ya ƙare. Gidaje da yawa a unguwar, balle na waɗanda rikicin da ya fara a 2009 ya raba da garuruwansu suka zauna a nan, tabarma ce ko katifa a ƙasa. Tashi daga ƙasa kuwa yana da wuya ƙwarai ga mai ɓari ɗaya, yana kuma sa a koma jan hannu. In da hali a samo gado mai tsayi daidai gwiwa, ko na katako ne, da kujera mai makari. In babu, kada a sallame shi sai an nuna wa iyali yadda ake tayar da mutum daga ƙasa: ya juya kan lafiyayyen ɓari, ya durƙusa, ya dafa kujera, ana riƙe da ƙugunsa. Wanda ba ya iya tsugunno a yi masa kujera mai rami a bayan gida. Salla ma a zaune a kujera zama ne mai kyau, sau biyar a yini, in an gyara ƙafa da hannu yadda aka koya.

A kiyayi gasa ɓarin da ya shanye da ruwan zafi ko garwashi. Fatar ba ta ji sosai, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Tausa mai ƙarfi da mirɗe gaɓa su ma ɓarna suke yi. Sauƙi ya fi sauri a wata 3 na farko, yana kuma ci gaba bayan haka ga mai motsi, don haka kada a yanke zuwa wurin likitan gashi don an ga kuɗin mota. A bar majiyyaci ya yi wa kansa abin da zai iya, ko da zai ɓata lokaci wajen ɗaura maɓalli.

Ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin unguwa su ma horon ya kamata ya haɗa da su, domin su ne kusa. Wurinsu za a riƙa zuwa awon jini, kuma maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, gama wanda ciwon ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin a karo na biyu. In aka ga fata ta fara duhu ko ta saluɓe a ƙugu, ko zazzaɓi da tari sun taso, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko kuwa baki ya sake karkacewa, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.